Ta ce "Hausa", suka ji "haus": minti 11 a kan layin 999

Wannan abu da matar ƙanena ya faru, daren da mijinta ya yanke jiki ya faɗi a gida, kuma ni ma ina ciki dumu-dumu, don haka ba ji-ta-ji-ta ba ce. Sun yarda in rubuta, sharaɗi ɗaya kawai, kar in kama suna ko gari. Lokutan da za ku gani a nan kuma ba daga ka na ɗauko su ba, bayan ƙura ta lafa ne muka zauna ni da ita muka buɗe wayoyinmu muka bi jerin kiran ɗaya bayan ɗaya, don wallahi in ka tambaye ni a daren zan rantse awa guda aka yi, ashe duka-duka daga kiran farko na 999, lambar gaggawa ta Birtaniya, zuwa shigowar ma'aikatan motar asibiti minti 11 ne.

Yadda gidan yake kafin ranar

Watanta bakwai da zuwa Ingila. Tana karatu da rubutu sarai, mace ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma Turancinta bai wuce na gaisuwa da ƙirga ba. Mijin ne bakin gidan kacokan, shi ke ɗaga waya, shi ke cika fom, shi ke yi wa likita bayani in yaro ba lafiya, kuma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana bakin gidan ne zai kwanta a ƙasa. Shekararsa 44, ba ya ciwon komai in ban da hawan jini da yake wasa da maganinsa. Wata biyu kenan da komawarsu sabon gida, bene ne, suna hawa na uku, ƙofar ƙasa kuma ba ta buɗuwa sai wani daga ciki ya danna maɓalli. Ku riƙe maganar sabon gidan nan, za ta dawo.

Ƙarfe 11:41 na dare ya fito daga banɗaki yana dafe da ƙirji, zufa na karyo masa, ya ce mata hannunsa na hagu ya yi nauyi, ya zame ya zauna a ƙasa. A lokacin idonsa biyu, yana magana.

11:42 ta kira ni. "Yaya, Abban yara ya faɗi, Yaya ka zo." To nan ne kuskuren farko, kuma rabinsa nawa ne, don ita ta yi abin da kowa zai yi, ta kira wanda zai fahimce ta, ni kuma maimakon in ce kashe ki kira 999 yanzu-yanzu sai na tsaya tambaya, me ya ci, ya sha maganinsa, ba ni shi mu yi magana, alhali ina wurin aiki, tafiyar minti 40 tsakanina da su, ba abin da tambayoyina za su tsinana masa. Wayata ta nuna minti ɗaya da daƙiƙa 50 muka yi. Har yau in na ga lambar nan sai gabana ya faɗi.

Kiran farko

11:44 ta danna 999. Abin da ba ta sani ba, ni ma ban taɓa zaunar da ita na faɗa mata ba, shi ne a Ingila wanda ya fara ɗagawa ba ɗan asibiti ba ne, ma'aikacin kamfanin waya na BT ne, aikinsa ɗaya tak, ya tambaye ka wa kake nema, 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti, sai ya tura ka. Ita kuwa tana jin an ɗaga ta fara zuba bayani da Hausa tana haɗawa da ɗan Turancin da ta sani. Allah ya taimaka a ciki ta ambaci "dokta" da "hosfital", sai aka tura ta ɓangaren motar asibiti.

Can mace ce ta ɗauka, kuma su tambayarsu ta farko ba sannu ba ce ba adireshi ba ce, tambayar ita ce, mara lafiyar yana numfashi? Matar ƙanena ta ce "yes". A wannan karon gaskiya ta faɗa, yana numfashi, amma ta faɗa min daga baya ba ta ma gane tambayar ba, ta ce "yes" ne don ta ji muryar tambaya. Ku lura da wannan, duk wanda ya zauna cikin mutanen da ba ya jin harshensu ya san wannan "yes" ɗin, ba amsa ba ce, ma'anarta kawai ina jinki ci gaba, amma a kunnen mai amsa kiran gaggawa amsa ce cikakkiya, ita za ta shigar a kwamfuta, kwamfutar kuma da ita za ta auna ko motar da za a turo ta gudun ceton rai ce ko ta wanda zai iya jira.

Sai aka zo adireshi, aka cije. Matar ta gane akwai matsalar yare, ta tambaye ta wane yare take ji, wannan kam ta gane, ta ce "Hausa, Hausa". Matar ta ji "haus", wato gida da Turanci, ta ɗauka tana ce mata muna cikin gida ne, sai ta koma tana tambaya to wane gida, lamba nawa, ita kuma tana ta maimaita Hausa, Hausa, kowa na ganin ɗayar ce ba ta fahimta. Ban ga laifin matar ba ko kaɗan, mutum ne da watakila bai taɓa jin sunan harshen ba a rayuwarsa, ga kuka ga ihun yara a baya. Sai da matar ƙanena ta ce "Najeriya" sannan abin ya faɗo mata. Ta ce mata ta jira kar ta kashe, za ta nemo tafinta, layi ya yi tsit.

Ita kuma da ta ji tsit ta ɗauka layin ya yanke ko an gaji da ita an ajiye. Ta kashe ta sake kirana.

Ni a ɓangarena

Tsakanin nan ni ma na kira 999 daga inda nake, na ce ai ni ina jin Turanci, magana ta ƙare. Aka ce adireshi, na buɗe baki na rasa abin faɗa. Na san hanyar gidan ko ido rufe, na san kwanar da ake sha, na san launin ƙofar, amma lambar gidan da lambar unguwa da suke ce wa poskod ban taɓa haddacewa ba, tsohon adireshinsu ne a wayata. Na ba da sunan titi da abin da na iya kwatantawa. Wato ita tana wurin ba ta da harshe, ni ina da harshe ba ni da wurin, mu biyu a kan layi biyu kowa riƙe da rabin magana. Da ta sake kirana ina kan wancan layin, na ɗaga na ce mata ki ajiye za su kira ki, ki nemo takardar kuɗin wuta ko duk wata wasiƙa da aka aiko gidan, ki karanta musu abin da ke bayanta. Ina ga wannan ne kaɗai abu mai amfani da na yi a daren.

Kira na biyu, inda abin ya juya

11:46 suka kira ta da kansu. Haka tsarin yake, in kira ya katse suna biyo baya, kuma sa'a ta ɗauka duk da ba ta san lambar ba. Kafin nan ma ashe suna da ɗan haske a kan inda take, don wayoyin zamani in ka kira lambar gaggawa da kansu suke kunna GPS da Wi-Fi su aika wa cibiyar inda kake ba tare da ka taɓa komai ba. Sunan tsarin AML, a Birtaniya aka ƙirƙiro shi a 2014, Android ta saka shi a 2016, iPhone a 2018. Amma kar kowa ya jingina da shi ya yi barci, zai iya nuna titi ko gini, ba zai ce hawa na uku ƙofa ta biyu a dama ba, kuma a benen da ke da gidaje ashirin da wani abu bambancin nan shi ne komai.

Ta ɗauko ambulan ɗin wasiƙa ta fara karanto adireshin harafi-harafi. Yanzu muna dariya muna cewa ambulan ce ta kawo ambulans, wato motar asibiti, amma a lokacin ko wannan sai da aka sha fama, don B da D da P duk ɗaya suke fita a waya in murya na rawa, sai matar ta koma ita ke faɗin harafin, ita kuma tana cewa "yes" ko "no". Lambobi kuma ɗaya-ɗaya suka fi shiga, in gida mai lamba 15 ne ka ce ɗaya, biyar, don goma sha biyar da hamsin a Turanci ko masu harshen rikita su suke yi a waya. Da adireshi ya tabbata mota ta taso. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna fushi wai ana ta yi musu tambaya ba a turo mota ba, alhali mai tambayar daban, mai tura mota daban, tambayoyin ba sa tsayar da ita.

Sai matar ta sake tambaya, yana numfashi? Ta sake cewa "yes". Wannan karon ba haka ba ne. Tun tana neman takardar ya kife gefe, idonsa ya kakkafe, yana jan wani irin numfashi mai ƙara jefi-jefi, kamar minshari kamar shaƙewa. Ita a ganinta tunda sauti na fita ai da rai da numfashi.

11:48 tafinta ya shigo layi. Ta ce min tunda take ba ta taɓa jin daɗin muryar mutum kamar ta bawan Allahn nan ba. Ya ce, "Baiwar Allah ki natsu, ni tafinta ne, abin da aka tambaye ki kawai za ki amsa, gajere." Matar ta sa ya tambaye ta ba yana numfashi kawai ba, a'a, numfashin daidai yake kamar na mai barci, ƙirjin na hawa yana sauka? Sai ta ce, "A'a Malam, kakari yake yi."

Kalmar nan ita ta ceci ƙanena. Duk Bahaushe ya san kakari, mun san ba numfashin lafiya ba ne, kuma tana da kalmar a bakinta tun minti biyu da suka wuce, wurin ajiye ta ne babu. A likitance wannan jan numfashin yana zuwa ne a mintocin farko bayan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa ce ke fafutukar ƙarshe, iska ba ta shiga yadda za ta yi amfani, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke sa a makara wajen gane zuciya ta tsaya ko da mai kira da mai amsawa yarensu ɗaya, balle an haɗa da shingen harshe. Tafintan bai tsaya ƙawata magana ba, ya faɗa wa matar yadda abin yake, nan take muryarta ta canza.

Ta sa a ce mata ta saka wayar a sifika ta ajiye a ƙasa, ta kwantar da shi rigingine a kan daɓe ba a kan katifa ba, ta ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji ta ɗora ɗayan a kai, ta miƙe gwiwar hannu ta danna da ƙarfi da sauri. Ƙa'idar ita ce sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, wanda ya fi yadda mutum ke zato nesa ba kusa ba. 11:49 ta fara. Matar na ƙirga da Turanci, tafinta ya ɗauka da Hausa, ɗaya biyu uku huɗu, ɗaya biyu uku huɗu, can ta ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunta ta tsaya tana salati tana cewa na karya shi, ya ce, "Ki ci gaba baiwar Allah, ƙashi yana ɗoruwa, kar ki tsaya." Minti shida tana yi ita kaɗai. Babbar 'yarsu mai shekara 6 aka sa ta danna maɓallin ƙofar ƙasa, shi ma tafintan ne ya yi mata magana ta sifika.

11:55 suka shigo. Sun manna masa na'urar da ke ba zuciya shokin, a karo na biyu ta dawo. A asibiti aka samu jijiyar zuciya ɗaya ta toshe, aka buɗe ta aka saka ɗan bututun da ke riƙe ta.

Ina mintocin suka tafi

Likitan da ya duba shi ya ƙiyasta zuciyar ta yi wajen minti uku zuwa huɗu a tsaye kafin a fara danna ƙirji. Masana zuciya na cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba dannawa ba shokin, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100, kuma a Birtaniya cikin mutum sama da 30,000 da zuciyarsu ke tsayawa a wajen asibiti duk shekara, wanda ke tsira bai kai ɗaya cikin goma ba. Burin da aka sa wa motocin asibiti a Ingila tun 2017 na irin wannan kira mafi tsanani shi ne su iso cikin minti 7 a matsakaici, amma agogon ba ya amfani sai an gane kiran na wannan aji ne kuma an san inda za a je. Daga tabbatar adireshi zuwa isowarsu ba su yi nawa ba. Mu ne muka ci lokacin tun kafin nan.

Da na zauna na lissafa, abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin Turancin kansa ba shi ne ya fi cin lokaci ba. Kirana da ta fara yi, minti biyu. Katse layi, kusan minti ɗaya, kuma ya maida neman tafinta baya. Neman adireshi, wani mintin. Duk waɗannan ba sa bukatar ta iya Turanci, suna bukatar ta san yadda kiran yake tafiya ne kawai, wa zai ɗauka, me zai fara tambaya, me shiru yake nufi. Wanda ya shafi harshe kai tsaye biyu ne, "Hausa" da aka ji "haus", da "yes" ɗin nan na biyu, kuma shi ya fi kowanne haɗari don shi ba jinkiri kaɗai ya jawo ba, bayanin ƙarya ya shigar ba da niyya ba. Da ta ce ban gane ba, da matar ta canza salo, ko ta ce a kai wayar bakinsa ta ji da kunnenta.

Kalma ɗaya na iya yin wannan ɓarna, ba yau aka fara ba. A 1980 a jihar Fulorida ta Amurka an kai wani saurayi ɗan shekara 18, Willie Ramirez, asibiti a sume, danginsa masu jin Sifaniyanci suka ce "intoxicado", su nufinsu wani abu da ya ci ko ya sha ne ya ɓata masa jiki, aka fahimce ta a matsayin ya yi maye da ƙwaya, aka bi wannan hanyar alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a farga ya shanye hannu da ƙafa, aka ƙare da diyyar dala miliyan 71. Can kalmar ta yi kama da wata ce ta Turanci, kamar dai yadda sunan harshenmu ya yi kama da gida.

Akwai wanda ya ce min ai da ta yi amfani da manhajar fassara ta waya. Ni dai ban yarda ba, wayar na kan kira, hannu na rawa, mutum na kakari a gabanka, wa zai tsaya buga rubutu, kuma ban san me manhajar za ta maida kakari ba. Abin da ya fi wannan sauƙi kuma bai zo mana a rai ba shi ne wayar mijin na nan ajiye a kan tebur, da ta kira 999 da ita, don ko waya na kulle ana iya kiran gaggawa kuma kyauta ne, ni kuma ina kan tata a sifika, da na zama tafintan wucin gadi tun daga daƙiƙar farko. Duk da haka ba zan so in maye gurbin tafintan gaske ba, don ni da na ji ta ce kakari ina jin salati zan fara ba fassara ba.

Abin da muka canza

Yanzu akwai takarda manne a bayan ƙofarsu, da manyan haruffa. Layin farko lambar da za a kira. Na biyu kalma ɗaya, ambulans. Na uku cikakken adireshi da hawa da lambar ƙofa da poskod, an rubuta yadda za ta furta shi ba yadda Bature ke rubutawa ba. Na huɗu sunan harshe haɗe da ƙasa da kalmar tafinta da Turanci, a jere, don kar a sake jin gida. Sai jimloli uku na Turanci da ta haddace kamar karatun allo, ba ya numfashi, bai farka ba, ban gane ba. A ƙasa da jan biro, da Hausa, an rubuta in kin ji shiru kar ki kashe. Ni ma adireshin na wayata yanzu, nasu da na duk wanda zai iya kirana da tsakar dare.

Lambar dai ta danganta da inda mutum yake. 999 ta Birtaniya ce, tun 1937 aka fara ta a Landan, ita ce ta farko a duniya. 112 tana aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai kuma tana shiga a Birtaniya ma, Amurka da Kanada 911, Ostareliya 000. Samun tafinta da saurin samunsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma harshe irin namu ba lallai a samu mutum a zaune yana jira da tsakar dare ba, don haka muka shirya takardar kamar tafinta ba zai zo ba sam.

Mun yi gwaji sau uku a falo, ni ne mai amsa kira, ina yi mata tambaya da Turanci da sauri da gangan. Na farko ta ce "yes" tun ban rufe baki ba, muka yi dariya har da hawaye, na biyu ma haka, sai a na uku ta tsaya ta kalle ni ta ce ban gane ba, a sake. Mijin na kwance a kujera yana kallonmu, ba ya iya dariya sosai don haƙarƙari biyu ta karya masa, ya ce shi dai a gwaji na gaba a nemo wani ya kwanta a ƙasa, shi ya yi nasa.